Baraden Faransa sun tattake ni a Medieval II: da wace runduna kuke tarar su?

Maikibiya

Salamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na sha kashin da ban taɓa sha ba a wasan yaƙi na kwamfuta Medieval II: Total War, har yanzu abin na ci mini rai. Ingila nake riƙe da ita, muka yi kiciɓis da Faransawa a Nomandi, fili fetal, ko tudu babu. Kun san gurbi 20 ne a runduna, kowane gurbi ƙungiyar dakaru ce guda. Na zuba 'yan dogon baka 12, masu māshi na gayya 3, masu takobi 2, barade 2, sai sarkin yaƙi. Na kafa turaku masu tsini a gaban 'yan baka, na gyara zama ina jiran nama.

Ashe ni ne naman. Baradensu ko kallon turakun ba su yi ba, suka zagayo ta hagu. 'Yan bakana suka watse da gudu suka kutsa cikin masu māshi, sahu ya hargitse. Cikin ruɗewa na kirawo sarkin yaƙi da sukuwa daga inda ya bi wasu, ya biyo ta kan turakunmu. Ina kallo dokinsa ya kife. Daga nan tutoci suka fara fari ɗaya bayan ɗaya, alamar dakaruna sun ranta a na kare. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, me ya fid da shi?

Kawu Dogo

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu, amma ka ba ni dariya. Tun 2006 da wasan ya fito nake bugawa, kuma ni ma turakuna sun ci mini yarima guda, mai jiran gado ma kuwa. Turke bai san na gida ba.

Kai yaƙin Ajinkot kake son maimaitawa, sai dai ka ɗauko bakan ka bar filin. A 1415 Sarki Henri na Biyar na Ingila ya ja dāgā ne a tsakanin dazuzzuka biyu, gabansa gona ce da aka yi wa huɗa, ruwa ya mai da ita taɓo. Faransawa ba su da ta inda za su zagaya, dole suka biyo ta gaba suna nutsewa da sulkensu. A 1429 kuma, a Pate, dawakan Faransa sun auka wa 'yan bakan Ingila kafin su gama shiri, aka yi musu kaca-kaca. Baka ɗaya ne, wurin tsayuwa ne ya bambanta.

Ni yanzu ba na wuce 'yan baka 6. Sai dakaru masu sulke 6, masu māshi 4, biyu a kowane gefe, barade 3, da sarkin yaƙi da nake ajiyewa can baya kamar amarya. Gefe ɗaya kullum ina jingina shi da kurmi ko kogi. Wasu suna maƙalewa a kusurwar taswira don kada a zagaye su. Yana aiki, amma ni kunya nake ji.

Gimbiyar Sansani

Kawu ya faɗi babbar, ni ƙaramar zan ƙara. Yaya Maikibiya, ka kashe maɓallin nan da ke sa 'yan baka ja da baya da kansu in an matso su? Na tabbata ba ka kashe ba, shi ya sa suka yi ta kansu. Na taɓa rasa gari sukutum saboda shi: sun bar bayan turaku, inda suke da kariya, suka fita sarari inda doki ke so. Tun ranar, kafin in danna fara yaƙi sai na bi su ƙungiya-ƙungiya na kashe.

Kuma ƙarfin barde a sukuwar farko yake. Da ya daki sahu ya tsaya cik, mutum ne kawai a kan doki. To a lokacin nake sako masu takobi daga sahu na biyu. Kibiyar wuta kuwa na daina wahalar da kaina da ita a kan barade, jinkiri gare ta kuma ba ta cika samu ba. Ina ajiye ta sai na ga talakawan sahunsu sun fara raurawa.

Ɗan Asigiri

Ni dai ban yarda matsalar yawan 'yan baka ba ce. Matsalar Ingila ce, ba ta da māshin kirki. Masu māshin gayyan nan da ka ɗauko, iska ma ture su take. In akwai sojan haya masu māshi a yankin, saye su ya fi. Shi ya sa na koma Sikotilan, masu dogayen māsu. A yaƙin Banokban, 1314, da irinsu Robat Burus, sarkin Sikotilan, ya karya dawakan Edwad na Biyu na Ingila. Sai dai su ma suna da halinsu a wasan: da an cakuɗe sai ka ga sun yar da māshin sun zaro takobi, ka yi ta ihu kai kaɗai a ɗaki.

Kawu Dogo

Ɗan Asigiri, naka māsun in aka zagayo ta bayansu fa? Ciwon ɗaya ne.

Ɗan Asigiri

Haka ne Kawu, ban musa ba. Sau biyu aka yi mini.

Baƙon Gabas

Duk wannan lissafin na Faransa ne, kada wani ya ɗauke shi ya nufi gabas. Na kai irin rundunar Kawu gaban Mongol, ta dawo ba ko mutum ɗari. Maharbansu a kan doki suke, ba sa zuwa kan turke, suna tsaye nesa suna yi maka ruwan kibau. Ka tura barade, su juya kamar sun tsorata, dawakanka su gaji, sannan manyansu masu sulke su rufe ka. Da wannan dabarar ta gudun ƙarya suka sha cin mutane a tarihi, kuma a 1241 sun murƙushe rundunonin Folan da Hangari kwana biyu tsakani. Ni ban sake samun sa'arsu ba sai a bakin gada da kan ganuwa.

Maikibiya

Na gode ƙwarai. Gimbiya, kin kama ni, maɓallin a kunne yake. Na koma ajiyar wasan da na yi kafin yaƙin, na sauke 'yan baka 5 a sansani, na ɗauko masu sulke 3 da sojan haya 2. Na ja baya har na sami wani kurmi na sa shi a hagu. Sun sake gwada zagaye, wannan karon ta dama, suka tarar da māsu. Na ci, amma kusan rabin masu takobina sun tafi, don na yi gaggawar sako su tun sukuwar ba ta mutu ba. Sarkin yaƙi kuwa ko motsi ban bar shi ya yi ba.

Yanzu ga fursunoni cike da hannuna, har da wani babban bardensu. Kawu, kuɗin fansa kake karɓa ko sakinsu kake yi?