An ce in shiga gwajin allurar kariya daga HIV, in sa hannu?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Maigidana yana ɗauke da HIV, yana shan magani, ni kuma ba ni da ita. A inda yake karɓar maganin aka ce in shiga binciken wata allurar kariya na shekara 2. Tambayata ɗaya ce: in bincike ya ƙare, wa zai ci gaba da yi min allurar?

Na Allah: Kada ki soma. A wani bincike a Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da tunjere ba magani, har bayan da aka samu fenisilin mai warkar da shi.

Baban Hanif: Ni ganau ne. Na shiga gwajin riga-kafin HIV, bayan shekara na je gwajin lafiya na neman aiki, sakamako ya nuna ina da ita. Kwana uku ban runtsa ba. Da na koma wurinsu suka ce ai allurar ce ta sa jikina ya yi garkuwa, ita gwajin yake gani. Suka yi wanda ke neman ƙwayar cutar kanta, babu komai. Sun ce yana cikin takardar da na sa wa hannu. Yana ciki kam, can wajen ƙarshe. Aikin ya tafi, magana ta zagaya dangi, har yau akwai wanda ba ya shan ruwa a kofina.

Anti Nas: Allah ya ba ka haƙuri, amma nata da alama magani ne ba riga-kafi ba, irin lenacapavir da sakamakon gwajinsa a Afirka ta Kudu da Yuganda ya fito a 2024, allura sau biyu a shekara. Baiwar Allah, Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin duniya na bincike a kan mutane, ta ce a tsara abin da za a yi wa mahalarta bayan gwaji tun kafin a fara. Ki ce su nuna miki a rubuce. Kuma kina da ikon fita duk ranar da kika so.

Na Allah: Dole ki ce haka, da mu kuke cin albashi.

Anti Nas: Kai ka taɓa shiga, ko a waya ka karanta?

Ummu Safiya: Mu duk zuwa sai an ba mu kuɗin mota har da ragi.

Baban Hanif: Mu rabin kuɗin motar ma sai an yi ta bi.

Ɗan Autan Hajiya: In akwai ragi ku rubuta sunana, jinina ya yi min yawa.

Ummu Safiya: Ni ba binciken ne ya dame ni ba, sirri ne. Ran nan ina layi, ma'aikaciya ta ɗaga murya ta kira sunan wata da sunan maganinta, kowa ya juyo.

Anti Nas: Wannan kam laifi ne. Kin kai ƙara?

Ummu Safiya: Wurin wa? Ita ke riƙe da fayil ɗina.

Maman Biyu: Jama'a, ranar Litinin fa zan ba su amsa.