Ina son koyon saƙa da tsinke biyu, ta ina zan fara?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hunturu ya kusa, ina son in saƙa wa jaririya hula da safa da hannuna. Ban taɓa riƙe tsinken saƙa ba, kwarashi ma kallonsa kawai nake yi. Me zan saya, kuma da me zan fara?

Anti Mai Ulu: Wa alaikumussalam ƙanwata. Kada ki tara kaya. Tsinke biyu masu kaurin milimita 4.5 ko 5, ulu dunƙule biyu, almakashi, tef ɗin awo irin na tela, da allura mai faɗin ido marar tsini don ɗinke gefe. Ki haɗa da kwarashi ɗaya, zai yi miki rana. Ulun ki zaɓi mai haske, ruwan madara ko shuɗi mai haske. Baƙi da ruwan ƙasa ba a ganin idanun saƙa, wato madaukan zaren da ke hawa kan tsinke, a jikinsu, ɗan koyo kuwa da ido yake aiki kafin hannu ya saba. Mai gashi-gashin nan ma ki bar shi a shago, in kika yi kuskure ba ya warwaruwa.

Yawancin ulun da ke Kantin Kwari da Sabon Gari na roba ne, kuma siriri. In shi kika samu, ki haɗa zare biyu ki saƙa su tare kamar ɗaya, sai ya dace da tsinken 4.5. Zare ɗaya a kan wannan tsinke raga zai ba ki, iska ta riƙa ratsawa.

Goggon Zariya: Ƙari a kan maganar Anti: in akwai zaɓi, ɗauki tsinken gora. Na ƙarfe yana da santsi, idanu na zamewa su zube tun hannu bai iya tare su ba. Wasu na farawa da tsinken tsire, to yana yi don gwaji, amma sai an goge shi sumul, in ba haka ba yana tsage zare, kuma ya yi siriri ga ulu mai kauri.

Kada ki fara da hula. Ɗora ido 20, ki yi ta saƙar gaba kawai har ya kai santimita 10. Ga yadda take: tsinken da ke ɗauke da idanu a hagu, zare a bayan aiki. Soka tsinken dama cikin idon farko ta gaba ya fita baya, naɗa zare a kansa sau ɗaya, jawo shi ta cikin idon, sannan ki zame tsohon idon daga tsinken hagu. Layi ya ƙare, ki sauya hannu ki sake. Wannan saƙar ba ta naɗewa, shi ya sa ake farawa da ita. Duk ƙarshen layi ki ƙirga. In 20 ɗin nan ta tsaya 20 har ƙarshe, kin wuce aji ɗaya.

Maman Ummi: Na gode Goggo. Na gwada jiya da daddare, na fara da 20, yanzu 26 nake gani, ga ramuka biyu a tsakiya. Me na yi?

Goggon Zariya: Abu uku ne ke kawo haka, ki duba wanne ne naki. Na farko shi ya fi yawa: a farkon layi, in zaren ya haye ta saman tsinke ya koma baya, yana jawo idon farko ya buɗe kamar ido biyu, sai ki saƙa duka biyun. Kafin ki fara layi ki sauke zaren ƙasa, ki bi da shi ta ƙarƙashin tsinke zuwa baya, za ki ga idon ya koma ɗaya. Na biyu, tsinke ya shiga tsakiyar zare ya raba shi, musamman da yake biyu kika haɗa. Ki tabbata duk zaren biyu kike ɗauka tare. Na uku shi ke yin rami: kin ajiye aiki a tsakiyar layi, da kika dawo kika juya ta inda kika fito. Ƙa'idar ita ce, zaren da ke zuwa daga dunƙule yana rataye a tsinken da zai zauna a hannun dama. Mafi sauƙi dai ki ƙarasa layi kafin ki tashi, ko da tukunya na kira.

Hajiya Mai Injin: Ni ina ganin da kwarashi ya kamata ta fara. Ido ɗaya ne a hannu, ba abin da zai zube, hular jariri kuma yini ɗaya ta gama.

Anti Mai Ulu: Hajiya gaskiya ne ya fi sauri, amma saƙar tsinke ta fi laushi da miƙewa, ga ta ba ta cin zare kamar kwarashi. Don bakin hula da safa ba a haɗa su. Tunda ta riga ta kama, a bar ta a kai.

Maman Ummi, wata matsalar da za ta zo ita ce matsewa, har tsinke ya ƙi shiga. Dalilin shi ne saƙa a kan tsinin tsinke, inda ya fi siriri. Ki riƙa tura kowane sabon ido zuwa jikin tsinken mai kauri, shi ke ba ido girmansa, kuma ki daina jan zare bayan kowane ido. In ido ya zube kada ki warware komai. Sa kwarashi cikinsa, ki riƙa jawo zaren da ke kwance a samansa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, har ki mayar da shi kan tsinke.

Yaya Asabe: Ga lissafin hula in kin iya saƙar baya, wato zare a gabanki, tsinke ya shiga idon daga dama zuwa hagu. Kan sabon jariri wajen santimita 34 zuwa 35 ne, hular kuma a yi ta ƙasa da haka kaɗan, kamar 33, don ta kama. Da ulu matsakaici da tsinken milimita 4, wanda ya ɗan fi na koyon nan siranta, ido 22 kan ba da santimita 10, amma hannu ya bambanta, don haka ki saƙa ɗan gwaji ki auna naki. In ya yi daidai, ɗora 74: 72 na hula, ɗaya a kowane gefe na ɗinki.

Bakin hula: ido ɗaya saƙar gaba, ido ɗaya saƙar baya, har santimita 3. A nan dole ki riƙa wuce da zare ta tsakanin tsinken biyu duk lokacin da za ki sauya. In kika haye da shi ta sama, rami ne da ƙarin ido. Daga nan layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har tsayin duka ya kai santimita 10. Sai ragi a layin gaba: saƙa 7, haɗe biyu su zama ɗaya, sau takwas, ban da idanun gefe. Layin baya ba ragi. Layin ragi na biyu saƙa 6 ki haɗe, sannan 5, haka har idanu su rage kamar 10. Yanke zare ki bar santimita 30, zura shi a allura, bi ta cikin sauran idanun ki tsuke, ki ɗinke gefe da ragowar. Giram 50 ya isa har da saura.

Hajiya Mai Injin: To tunda an ƙi shawarata, ga ta wanki. Ulun roba ba ya shiri da dutsen guga, yana saki ya mutu, ba ya dawowa. Ruwa mai sanyi ko ɗumi kaɗan, a matse a cikin tawul, a shimfiɗa a inuwa. In aka rataya a igiya nauyin ruwa zai ja shi. Kuma ulun aiki ɗaya a saye shi rana ɗaya, domin launi ɗaya ma yana bambanta daga rini zuwa rini.

Goggon Zariya: Da sanyin nan yatsu na faso su riƙa kama zare. A shafa man kaɗe da dare, ba dab da ɗaukar saƙa ba, kada maiƙo ya ɓata ulu.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri. Zarena ya kusa ƙarewa a tsakiyar layi, in ƙulla sabo a wurin?

Yaya Asabe: A'a, ƙulli yana fitowa ta fuskar saƙa, kuma yana kwancewa a wanki. Koma farkon layi ki fara da sabon, ki bar jelar santimita 15 a kowanne, daga baya ki saƙala su ta ciki da allura. In kin zo kan safa ki lura da wannan sosai, kada ki bar zare yana lilo a ciki, yana iya naɗe yatsan jariri. Juya safar ki duba kafin ki sa mata.