Me za mu kira "telehealth" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirya takardar wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa da za a raba wa ɗaliban jami'a a Samaru da Kongo, nan Zariya, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: telehealth. Abin da ake nufi shi ne mutum ya gana da likita ta kiran waya, ko bidiyo, ko saƙo, ba sai ya taka asibiti ba. Lokacin korona, a 2020, abin ya bazu sosai. Iyaye ma za su karanta takardar, shi ya sa ba na son Turanci a ciki. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata ya rasa kalma ba. Ni dai "asibitin waya" ne ya fara zo mini.

Wani ɗan'uwa daga Sabon Gari:
Malam, wannan kam an riga ka. Je ka PZ ka duba allunan shaguna. Asibitin waya wurin gyaran waya ne, likitan waya kuma mai gyara.

Wata malamar jinya:
Haka "asibitin tafi-da-gidanka", motar da ke zagaya ƙauyuka da magani ake nufi. Kada kuma a sa "jinya", don da an ji jinya sai a hango kwanciya da ledar ruwa. Yawancin yaran nan da ƙafarsu suke yawo, suna shiga aji, damuwa ce ke cin su a ciki.

Wani dattijo daga cikin birni:
Na ga wani ya kawo "duba daga nesa". A guji wannan, yarana. Duba a kunnen Bahaushe aikin masu bugun ƙasa ne, kuma dama can nan ake fara kai mai irin wannan lalura. Tunda "tele" ɗin nesa take nufi, kamar a tarho da talabijin, a ce "ganin likita daga nesa".

Na gode, Baba. Na kwana ina juya wannan, kuma fassara ce mai kyau. Amma ku ba ni dama in faɗi abin da ya hana ni ɗaukarta.

Ga mutumin Giwa ko Soba, nesa gaskiya ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa a Kaduna, tafiyar sama da awa guda daga nan. To amma ɗalibin Samaru fa? Asibitin koyarwa na Shika na kusa da shi, 'yan mintuna a mota, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a ciki. Duk da haka ba ya zuwa. Na san wani ƙanena da ya yi wata huɗu ba ya barcin kirki, ya daina shiga aji, amma ya ce gara ya haƙura da a gan shi zaune a bencin wannan sashen a ce ya taɓu. Kunya ce ta tsare shi, da tsoron bakin mutane. Dokar 1958 da ta kira irinsu mahaukata sai a farkon 2023 aka maye gurbinta da sabuwa, amma kalmar tana nan a bakinmu. Abin da zai ja yaro irin wannan shi ne ya ji cewa daga ɗakinsa, da wayar da ke aljihunsa, zai yi magana ba wanda ya gan shi. "Nesa" ba ta faɗa masa haka. "Waya" ta faɗa.

Don haka na tsaya a kan "ganin likita ta waya". Dama haka muke cewa na je ganin likita, kuma wayar yanzu ta haɗa murya da bidiyo da saƙo.

Malamar jinya:
Na yarda, Malam. Sai dai a rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: wanda ke tunanin hallaka kansa, ko ya fita hayyacinsa, ba a jiran waya, a kai shi asibiti nan take.

An sa, Hajiya. Saura kalmar da za mu kira masu ba da shawara waɗanda ba likitoci ba, don a takardar sun fito har sau uku.