Mata ne kaɗai ke shan wuya kafin su isa tasha?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina saro atamfa a Kantin Kwari ina kai wa Kaduna, kuma mun daɗe muna musu da maigidana a kan tasha. A wurinsa in mota ta cika da wuri, kuɗin bai wuce ƙima ba, shi ke nan. Ni kuwa tun kafin in zauna a mota na gaji. Motar farko tana lodi bayan asuba, ni dole in jira gari ya waye. Mai adaidaita ya sauke ni a tsallaken titi, ga goyo, ga ƙunshin kaya. Ban kai bakin ƙofa ba 'yan kamasho sun fizge jakata, kowa na jan ta zuwa motarsa. Banɗaki kuwa maza na alwala a bakinsa, shi ya sa ko ruwa ba na sha in zan yi tafiya. 'Yan uwa mata, haka kuke fama?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Direba ne ni, kuma gaskiya kika faɗa. Amma ki lura, yawancin masu fizgar jaka masu lodin gefen titi ne. A cikin tasha layi ake bi, ana rubuta sunan fasinja. Ki wuce kai tsaye wurin mai rubutu.

Maman Ilham: Malam, ai wucewar ce aikin. Kai in ka daka musu tsawa sai su sake ka. Ni in na ɗaga murya a ce ba ni da kunya.

Yaya Hauwa: Dawowa ta fi damuna. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, adaidaita ce gatanmu, ga shi a 2022 an hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare. Motar Abuja ta makara, namiji ya taka da ƙafa ko ya kwana a masallacin tasha. Mace fa, ina za ta kwanta?

Inna ta Maraɗi: 'Yata, nan Nijar manyan bas da asuba suke tashi, sai mu sayi tikiti tun da rana, mu kwana cikin tashar kamfanin, a manna wa kaya takarda. Ku roƙi shugabannin tasharku ko ɗaki ɗaya ne mai tabarma da banɗakin mata daban.