Rufin ɓoye ya fi rufin fili, ko kuwa gayyato yoyo ne?

Birkila: Salamu alaikum. Ni matsayata ita ce, a ƙasar nan tamu rufin da aka ɓoye cikin rawani, wato bulon da ake ɗorawa a saman bango ya kewaye kwano, ya fi wanda kwanonsa ya leƙo waje. Iskar farkon damina ta gefe da kusurwa take kama kwano, ta shiga ƙarƙashinsa ta yaye. In aka ɗora bulo layi biyu ko uku suka tare gefen, ina za ta kama?

Kafinta: Wa alaikumus salam. Malam, maganar iska haka take, amma ruwa fa? Rufin fili yana watsar da ruwansa waje. Na ɓoye kuwa tara shi yake a kwatar siminti da ke bisa bangon ɗaki. Ƙurar hunturu, ganyen darbejiya da leda su toshe bakin bututu, ruwa ya taru ya haura ƙarƙashin kwano, sai silin ya jiƙe. Iska kuma ɗauri ne maganinta: a dasa rodi ko langa-langa a cikin kankaren linta, a naɗe katakon da shi, a doka ƙusa mai hula a tudun kwano, ba a kwarinsa ba.

Injiniya: Ku bari mu yi lissafi. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, kuma ana yin irinsa a watan Agusta, ya karɓi lita 5,000. Duk wannan a ce ya bi ta bututu ɗaya mai inci 2? Laifin a nan yake, ba a rawanin ba. A sa bututu mai inci 4, aƙalla biyu, a ba kwata gangaren santimita 1 a kowace mita. Sannan a huda rawanin ƙasa kaɗan da bakin kwano a sa indararo, don in bututu ya toshe ruwa ya samu mafita waje.

Kafinta: Injiniya, a takarda daidai ne. To mahaɗar kwano da bango fa? Masu aiki da yawa siminti kawai suke cusawa. Kwano yana miƙewa da zafin rana, ya tsuke da dare, siminti kuwa ba ya motsi tare da shi. Damina ɗaya ko biyu ya tsage.

Birkila: Wannan aikin ganganci ne, Malam, kuma ba na kare shi. Yadda ake yi: a tsaga bango zurfin kamar inci 1, aƙalla inci 6 sama da kwano, a cusa bakin shafaffen kwano a tsagar a toshe, ya sauko ya lulluɓe rufin. Saman rawani ma a yi masa hula da yaɓe, siminti awo 1 yashi awo 3, mai karkata zuwa ciki, a riƙa ba shi ruwa har kwana 7. In an bar kan bulo a buɗe, ta nan ruwa ke tsuma bango har fenti ya ɓare a cikin ɗaki.

Injiniya: Wani abin da ake yi don rawani ya rufe komai shi ne kwantar da rufin ya kusa zama shimfiɗe. In gangare ya yi kaɗan, iska na tura ruwa baya ta mahaɗar kwano. A irin wannan, ɗorin inci 6 bai isa ba, a kai shi 8 zuwa 10, ko a sayi dogon kwano mara mahaɗa.

Kafinta: To kun ga duk sharaɗin da kuka lissafa. Maigidan da ba zai hau sama ya share kwata kafin ruwan farko ba, ya sake hawa a tsakiyar damina, ni ba zan ba shi shawarar rufin ɓoye ba. Gidan haya ma balle.

Birkila: A gidan haya na yarda da kai. Amma gidan da ke bakin gari, babu bishiya ko gini mai tare masa iskar gabas, ina nan kan rawani. Sai dai a tanadi tsani, kuma mai hawa ya taka layin ƙusa inda katako yake, kada ya lotsa kwanon.