Dutsen da aka jefa daga saman bene: ina zai sauka?

Ɗalibar SS2:
Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar WAEC, kuma wata tambaya ta fiziks ta tsaya mini. An jefa dutse daga saman bene mai tsawon mita 15, da gudun mita 20 a daƙiƙa, a kusurwar digiri 30 zuwa sama, an ce a ɗauki g, wato ƙarfin jan ƙasa, a matsayin 10, a nemo nisan inda zai sauka daga gindin benen. Ƙa'idar R = u²sin2θ/g (R nisa, u gudun jifa, θ kusurwa) ta ba ni mita 34.6, amma amsar da aka ba mu mita 52 ce. Malamai, daga ina bambancin ya fito?

Malamin Fiziks:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙa'idar nan tana aiki ne kawai idan abin da aka jefa ya sauka daidai matakin da ya taso, alhali dutsenki ya ci gaba da gangarawa har mita 15 ƙasa da hannun mai jifa. Ki raba tafiyar gida biyu. Gudun da ke a tsaye shi ne 20sin30, wato 10, kuma shi kaɗai jan ƙasa ke ragewa. Wanda ke a kwance kuwa 20cos30 ne, wato 17.3, ba ya sauyawa muddin an yi watsi da iska. Idan kika ɗauki sama a matsayin ƙari, t kuma a matsayin lokacin tafiyar, za ki rubuta −15 = 10t − 5t², wanda zai koma t² − 2t − 3 = 0, ya ba ki t = 3 ko t = −1. Lokaci ba ya komawa baya, saboda haka 3 za ki riƙe, ki ninka da 17.3, ki samu kusan mita 52.

Ɗalibin Injiniya:
Allah ya saka wa Malam. Ƙanwata, ki lura cewa amsarki ta farko tana da ma'ana: bayan daƙiƙa 2 dutsen ya dawo daidai da saman benen, kuma a lokacin mita 34.6 ya yi nisa. Daƙiƙa ta uku ce ta ƙara sauran 17.3.

Ɗalibar SS2:
Na gode ƙwarai. To, a nan ma digiri 45 ce ke kai jifa nesa?

Malamin Fiziks:
A'a, wannan ma sai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Tun da tsawon benen ya riga ya ba dutsen ƙarin lokaci a iska, ya fi riba a ƙara gudun kwance, shi ya sa a lissafinki kusurwar da ta fi ita ce kusan digiri 37, wadda za ta kai shi mita 52.9. Ki gwada 45 da kanki ki kwatanta.