Kwana a hanya in ana doguwar tafiya a keke, da wata tambaya kan kuntigin yara

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi biyu gare ni, ɗaya ta keke, ɗayar ba ta keke ba ce amma keken ne ya jawo ta, ku yi haƙuri da tsawon rubutu.

Mu uku ne muke shirin tashi daga Kano zuwa Daura cikin Disamba in Allah ya kai mu, ta Ɗambatta da Kazaure, ba gudu za mu yi ba, so muke mu raba tafiyar biyu mu kwana a hanya, mu isa mu ga rijiyar Kusugu mu huta sannan mu juyo. Kowa zai ɗaure kayansa a kariya, ƙaramin tanti, bargo, famfo, faci da sholisho, garin kwaki da ƙuli. To rigimar a kan kwanan take. Ɗaya daga cikinmu ya dage wai mu bari sai duhu ya yi mu sauka daga kwalta mu kafa tanti a bayan gona inda ba mai ganinmu, da asuba mu naɗe mu wuce, wai haka ya ga Turawa suna yi a YouTube. Ni dai abin bai kwanta min ba. Waɗanda suka saba, ya kuke yi?

Ta biyu. Satin da ya wuce mun yi gwaji zuwa wajen Ɗambatta, wayar birkina ta baya ta tsinke, ina zaune gindin bishiya ina canzawa yara suka yi min zobe. Wani da bai fi shekara tara ba ya ƙura wa tsohuwar wayar ido kamar ya ga tsire, can ya ce Yaya in kun gama da ita ina so. Na ce ka yi me da ita? Ya ruga ya dawo da gwangwanin sadin an rufe bakinsa da 'yar fata an soka sanda, wai kuntigi yake haɗawa tsirkiya ce ba shi da ita. Na miƙa masa. Kuskuren da na yi na ba ɗana labari, shekararsa shida, tun ranar ya hana ni sakat wai shi ma sai an yi masa. Wa ya san yadda ake haɗawa, kuma wayar ba za ta yanke masa yatsa ba?

Baba Mai Raleigh:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaya wa abokin naka ya rufa wa kansa asiri. A wannan zamanin mutum uku su ɓuya a bayan gonar mutane da daddare da tanti da tocila, wani mai dawowa daga kasuwa ya hango haske, kafin ku buɗe baki ku ce mu 'yan keke ne 'yan banga sun iso da gora, kuma ba za ka ga laifinsu ba, na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo.

Abin da na sani tun muna kai kaya kasuwannin ƙauye a keke shi ne a shiga gari da sauran rana. Bayan la'asar, ba bayan isha ba. Ku sauka daga kan keken tun daga bakin gari ku turo shi, duk dattijan da kuka tarar a dandali ku tsaya ku gaisa sosai, a tambayi gajiya a tambayi sanyi, kada ku yi sallama kuna tafiya. Sannan ku ce a nuna muku gidan mai unguwa ko dagaci. Ku faɗa masa daga inda kuke da inda za ku, in kuna da katin shaida ku nuna tun bai tambaya ba. Shi zai ce ga zaure ko ga harabar firamare ku kafa abinku, kuma daga lokacin kun zama baƙinsa, ba mai taɓa ko bawul ɗin tayarku. Ku yi magariba da jama'a, rabin garin a nan za su san ku.

In an kawo tuwo ku ci ko loma biyu ce, kada ku ce ai muna da indomi. Kuma kada wanda ya zaro kuɗi ya ce nawa ne, cin fuska ne. Yaron da ya kawo kwanon a ba shi tukwici, da safe wajen sallama a ajiye wa maigidan goro ko sukari da ganyen shayi. Ku tanadi wannan tun daga Kano, bai kai nauyin famfo ba.

Wani abu kuma, Disamba iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ku kuma arewa kuka nufa, wato a fuska za ku sha ta. Kada ku yi lissafin tafiya da irin gudun da kuke yi a cikin gari.

Mai Faci:
Baba ya gama magana, ƙarin da zan yi kawai in an ba ku fili ku duba ƙasa kafin ku turo keke, tsidau ba ta da mutunci, na taɓa cire guda bakwai a taya ɗaya. Kada ku kafa tanti a burtali sai dai in kuna son shanu su tashe ku sallar asuba. Kuma a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Gindin tsamiya ma ku bar wa masu shi, ka fito daga tanti tsakar dare da hular kwano da fitila a goshi wani ya gan ka ai sai an yi masa ruƙiyya hhhh

Kuntigi kuwa ka zo gida, mun yi shi muna yara har an gaji da dukanmu. Gwangwanin sadin mai ɗan tsawo ya fi, irin wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi ma ai ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya. Ka bubbuge bakin gwangwanin da guduma ya kwanta don shi ne ke yanka, ka samu fatar akuya ka jiƙa ta ta yi laushi, ka ja ta a kai ka ɗaure tam ka shanya, tana bushewa za ta ɗame da kanta. Sanda siririya ta ratsa ta fito kaɗan ta baya inda za a ɗaure tsirkiya, sai ɗan guntun kara a kan fatar da zai ɗaga ta. Wayar birki ba duka ake sawa ba, murɗaɗɗun silla ne da yawa a ciki, warwarewa ake yi a zari ɗaya. Ƙararta daɗi, amma ga ɗan shekara shida ban ba ka shawara ba, bakin sillan kamar allura yake kuma in ya tsinke fuska yake nema. Ka sa masa igiyar fatsa ta roba mai ɗan kauri, sautin bai kai ba amma shi ina ruwansa, kai ne ma za ka gode don gidan zai fi zaunuwa.

Uwar Biyu:
Ni ba na doguwar tafiya, iyakata zagayen unguwa da sassafe, amma Ɗan Kurna akwai abin da ya tsaya min a labarinka. Ka ba yaron waya, ka san ko babansa ya san yana haɗa kuntigin? Ba laifi nake ɗora maka ba fa, ni ma da zan ba shi. Sai dai ka san mu da kiɗa, a gidaje da yawa gado ne, ɗan makaɗi ya ɗauka ba mai cewa komai, amma a wani gidan yaro ya shigo da abu mai tsirkiya sai a ce zai zama maroƙi, balle goge da garaya da mutane ke haɗa su da bori. Mahaifinmu ya taɓa karya wa yayana gurmin da ya yi wata guda yana haɗawa, har yau in an tuna sai ransa ya sosu. To kai baƙo ka wuce abinka, shi yaron ne zai kwana da abin da ya biyo baya. In akwai babba a wurin gara a ce Baba ga wannan in ba damuwa a ba yaro, shi kenan.

Sannan don Allah waɗannan matsattsun gajerun wandunan naku na tsere, ku ɗora dogon wando a kai kafin ku shiga gari. Kuma a rijiyar burtsatse in kun tarar da mata da yara a layi ku jira ko ku roƙa, kada ku kutsa da gorunanku, hoto kuma a tambaya tukuna.

Ɗalibi a Glasgow:
Bari in ɗan kare abokin naku kaɗan, abin da ya gani a bidiyo gaskiya ne amma da dokarsa. A nan Sikotland dokar 2003 ta ba mutum damar kafa tanti a yawancin filayen da ba a killace ba, da sharaɗin ku kasance kaɗan, kada ku wuce dare biyu ko uku a wuri ɗaya, ku nisanci gidaje da gonakin da aka shuka, kuma ku kwashe shararku kaf. Ka gangara Ingila kuwa yawancin wurare sai da izinin mai fili. To su ma ba haka kawai suke yi ba. Abu ɗaya da nake so mu ɗauka shi ne na sharar, ledar fiya wata da gwangwani a dawo da su cikin jaka.

Kan yaro kuma, nan yara da ukulele, wata 'yar ƙaramar jita, ake yawan fara musu, tsirkiya huɗu na roba, ba ta cin yatsa. Goge irin na Turawa ma akwai na yara girma-girma, 1/8, 1/4, 1/2, ana auna hannun yaro ne a zaɓa masa. Amma wallahi gwangwanin Mai Faci ya fi, in ya gaji da shi bayan sati biyu ba ka yi asarar komai ba.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na tura wa mutumin maganarka, ya ce ya ji amma shi fa sai ya kwana a tantinsa ko a tsakiyar zauren dagaci ne tunda kuɗi ya sa ya saya. Hajiya Uwar Biyu gaskiya ban yi wannan tunanin ba sam, garin a kan hanyarmu yake, zan tsaya in nemi gidansu in gaida baban in ga yadda ake ciki.

Mai Faci an ci sadin jiya da daddare saboda gwangwanin, na bubbuge bakin har na daki babban yatsana. Fatar ce ban samu ba, mahaucin layinmu ya ce ba ya yanka guntu sai dai in sayi guda. Fatar tsohuwar jaka za ta yi ko dole sai ɗanya?